Yadda Aka Gasa Digirin Madam Rakiya

Na manta ranar da aka ɗauke ni aiki, na kusa manta ranar da aka sallame ni da tafi da kwalbar lemu, amma ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya a bakin gonarmu ta gwaji a Jiratawa ina kallon manyan mutane suna cin bincike da gishiri da yaji ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, kuna jin muna cewa a tsare gona, a tsare gona, kuna zaton awaki muke nufi. To, ku gyara zama ku ji.

A lokacin ni mataimakin mai bincike ne. Ga wanda bai san tsarinmu ba, Direkta ne a sama, sai masu bincike, sai mu mataimaka, sai leburori, sai maigadi. Mai bincike shi ke tunanin abin da za a shuka, mataimaki shi ke shan rana har abin ya fito, Direkta kuwa shi ke sa hannu a ce shi ya yi. Ma'aikatarmu ƙarama ce, ta gwajin iri. Buro, wato ofishinmu, yana cikin Maraɗi, gona tana Jiratawa, inda ruwan kanal, magudanar ban ruwa, ke sa a yi noma ko da rani. Kowace safiya nakan taso daga Sabon Gari a kan tsohon babur ɗina, in isa gona kafin rana ta yi zafi.

Farkon shekarun casa'in ne, lokacin da aka buɗe ƙofar jam'iyyu kowa ya ruga ciki da takalminsa. Wanda bai iya riƙe gidansa ba ya kafa jam'iyya, wai ƙasa zai riƙe. Mun samu 'yancin faɗin albarkacin bakinmu, abin sawa a bakin ne dai ya yi wuya, don albashi ya zama baƙon da kullum ake cewa ya taso daga Yamai, babban birni, amma ba ya isowa. Sandika kuwa, wato ƙungiyarmu ta ma'aikata, ba ta gama wani yajin aiki sai ta ɗaura niyyar wani. A cikin wannan hali aka sa ranar zaɓen depite, wakilan da za su tafi majalisa.

Direktanmu Mushe Laminu, wato Malam Laminu a bakin masu Faransanci, mutum ne mai hangen nesa, Allah ya sani. Zamanin soja ya fi soja son soja. Da aka ce dimokuraɗiyya, sai ya tuna ashe tun yana lakwal, yana ɗan makaranta, yake ƙaunarta. A aljihun teburinsa akwai hulunan jam'iyyu kala-kala, yakan leƙa ta taga ya ga motar da ta tsaya, sannan ya san wadda zai ɗora a kai. Kaska ne, raɓi mai jini. Ya karanta noma, da takardarsa a bango, amma tun da na san shi laka ba ta taɓa takalminsa ba. Gonar Jiratawa a rahoto ya fi saninta.

Ana shiga sanyi Madam Rakiya ta sauka. 'Yar Maraɗi ce, ɗiyar wani tela a unguwarmu, ta tafi Faransa tana neman digirin dokta a kan masara. Ba ta kai shekarun ƙanwata ba, amma tunda mai bincike ce, Madam nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malam Isuhu. Ranar da aka haɗa mu, ta buɗe jakar hannunta ta fiddo 'yan ƙananan ambulan, kowane da irin masara a ciki. Duka-duka bai cika tafin hannu biyu ba. Yadda take riƙe da su sai ka ce gwal ta sayo.

Muka zauna a inuwar bishiyar bedi a bakin gona, ta ce, "Malam Isuhu, ka san masara asalinta 'yar ƙasar zafi ce kamar mu?"

Na ce, "To, ni dai a bayan ɗakin kakata na fara ganinta."

Ta yi dariya, ta yi mini bayani da Hausa tsantsa, abin da ba kowane mai bincike ke iyawa ba. Ta ce masararmu tana da wata ɗabi'a: tana lura da tsawon yini. Muddin yini ya yi tsawo da yawa, sai ta yi ta girma abinta, ba za ta fidda tuta a ka ba balle ta yi goyo, sai ta ga dare ya ƙaru. Mu nan dare da yini kusan kansu ɗaya, shi ya sa ba mu san tana da wannan taurin kai ba. A can kuwa, lokacin nomansu, rana ba ta faɗuwa sai mun daɗe da idar da isha. In ka shuka tamu a can, sai ta wuce rufin ɗaki ba goyo ko ɗaya, har sanyi ya zo ya kashe ta tana tsaye.

Na ce, "To su Turawan mi suke ci?"

Ta ce nan ne maganar take. Tun zamanin da aka kai masara ƙasashen sanyi, wadda ta daina kula da tsawon yini ta yi sauri ta yi goyo, ita ce ke barin iri. Mai nawa kuwa sanyi ya gama da zuriyarta. A hankali saurin ya zauna a jinin masarar can, ana gadonsa kamar yadda ake gadon tsawo ko hasken fata. Ita aikinta ta gano a wane wuri cikin ƙwayoyin gado wannan saurin yake kwance. Hanyar kuwa ɗaya ce: a barbari tamu da tasu, a kai 'ya'yan can a shuka, a bi jikoki ɗaya bayan ɗaya a ga wa ya gaji sauri, wa ya gaji nawa. Barbarar ba ta yiwuwa a Faransa, don kafin tamu ta fidda tuta tasu ta daɗe da bushewa. A Jiratawa, da sanyi da ruwan kanal, nan ne kaɗai za su haɗu.

Sannan ta rage murya ta gaya mini abin da ya fi damunta. Irin nan shi ne ragowar da malaminta ke da shi, ya ba ta duka. Tallafin karatunta kuma ya zo ƙarshe, ba za a sabunta ba sai ta koma da 'ya'yan barbarar kafin lokacin shukarsu. In ta koma hannu rabbana, digiri ya tafi. Na ce mata kada ta damu, in dai masara ce, mun saba.

Tamu muka fara shukawa, tunda ita ce mai nawa, sannan muka riƙa shuka ta Turawa kashi-kashi don a samu wadda za ta yi daidai da ita. Wallahi da ta Turawan ta fito sai da na ji kunya. Ko ƙuguna ba ta kai ba ta fidda tuta, kara siriri, goyo kamar babban yatsa. Ta saba da ƙasar da ake tsere da sanyi, ta zo nan ma tana ta gudu ba mai korarta. Manoman da ke maƙwabtaka da mu suka samu abin nishaɗi. Wani dattijo ya jingina da hauyarsa ya ce, "Mushe, wagga masara ce ko albasa?" Na ce masa masarar Faransa ce. Ya ce, "Awo, shi ya sa suka zo nan neman abinci." Madam Rakiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a bar su, ba don goyonta aka kawo ta ba.

Ga yadda aikin yake, ga waɗanda ba su taɓa yi ba. Kafin goyon masararmu ya fidda gemu, sai ka rufe shi da ƙaramar jakar takarda, kada iska ta kawo masa bununin da ba a gayyata ba. Da yamma ka rufe tutar ta Turawa da wata jakar. Da safe, bayan raɓa ta bushe kuma kafin rana ta kashe bununin, sai ka karkaɗa tutar a cikin jakar, ka ɗauko garin nan rawaya ka zuba a kan gemun tamu, ka mayar da babbar jaka ka rufe goyon ruf, ka rubuta a jikinta wace ce uwa, wane ne uba. Jakar nan ba ta barin goyon har ya bushe. In ta rabu da shi, abin da ke hannunka masara ce kawai irin ta kasuwa, ba wanda zai iya gaya maka asalinta.

Ana wata ga wata. Gemu yana fara fitowa sandika ta kira yajin aiki, kowa ya zauna gida. Ni ɗan sandika ne na gaske, na sha rana a zanga-zanga, muryata ta sha dushewa. Amma gemun masara bai san sandika ba. 'Yan kwanaki yake yi ya bushe, in ya bushe kuwa sai wata shekara, ita kuma Madam ba ta da wata shekara. Na kwana ina juyi, da asuba na tura babur ɗina har bayan unguwa kafin in tada shi, kada maƙwabta su ji. Haka muka yi ta yi, ni da ita da maigadinmu Nomau, wani dattijo mutumin Tibiri mai shiru-shiru, wanda ke riƙe mana jakunkuna yana korar tsuntsaye. Ba lebura ko ɗaya. Yatsunmu suka yi rawaya, bayanmu ya ƙage, amma muka gama. Ranar da ta ɗaure jaka ta ƙarshe, Madam ta zauna a kan kunya ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam Isuhu, saura su bushe."

Saura su bushe ɗin nan shi ne ya rage, aikin da ko makaho zai iya. Waɗanda muka fara barbara sun riga sun yi tauri. Na baya-baya kuwa suna daidai lokacin da masara ta fi daɗin gashi. Ku riƙe wannan kuma: da rani tsuntsu ba shi da wata gona sai ta mai ban ruwa, saboda haka duk goyon da ba mu rufe ba tsuntsu da tsutsa sun yi masa kaca-kaca. Goyo mai kyan gani a gonar nan kaf, sai wanda ke cikin jaka.

A Maraɗi ba a ɓoye tafiyar babur. Wani ya gan ni, magana ta kai sandika, aka kira ni in zo in amsa laifin cin amanar 'yan'uwa. Madam ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai ba, za ta zo ta ba da shaida. Muka bar Nomau a gona muka tafi tun da safe.

Zaman nan da za a sayar da shi da an samu na cefane. Kamarad Sakatare ya buɗe da jawabi a kan gwagwarmayar ma'aikatan duniya, sannan aka shiga muhawara a kan ko zuba bununi a gemun masara aiki ne. Wani ya ce aiki ne mana, tunda aikin da gwamnati ke biyana ke nan. Wani ya miƙe ya ce ƙarya ne, gwamnati ba ta biyan kowa, saboda haka ba wanda ke aiki, har wanda ke aiki. Aka tafa masa. Madam ta nemi magana, aka ce ita ba mamba ba ce. Da rana ta take aka ɗage zama zuwa wani mako, muka hau babur muka nufi Jiratawa.

Tun daga kan kanal na hango kat-kat, manyan motocin masu kuɗi, jere a bakin gonarmu, da tutoci, da makaɗa. Sannan ƙamshi ya buge ni. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ƙamshin gasasshiyar masara, kuma ban taɓa jin sa ya tayar mini da hankali ba sai ran nan. Na ji Madam ta damƙe mini riga ta baya. Na ƙara wuta.

Abin da ya faru, kamar yadda Nomau ya gaya mini daga baya, shi ne Mushe Laminu ya lissafa ya ga iska ta juya wajen Alhaji Gambo, wani babban ɗan kasuwa mai motocin dakon kaya zuwa Najeriya, wanda ya tsaya takarar depite. Da ya ji Alhaji zai yi mitin na yaƙin neman zaɓe a Jiratawa, sai ya ɗora hular da ta dace ya gayyato shi ya ga ci gaban da ma'aikatarmu ta kawo. Ya nuna masa masarar Faransa. Alhaji ya dubi abar nan da ba ta kai ƙugu ba, ya ce, "To, Allah shi raya." Direkta ya ga ci gaba bai yi armashi ba. Baƙo kuma ba ya zuwa gonarka ya tafi baki a bushe, balle baƙo mai kat-kat. Sai ya kira Nomau ya ce a hura gawayi, a karyo masara mafi kyau.

Nomau ya zagaya ya dawo da wadda tsuntsu ya ci rabi. Direkta ya ce, "Wagga zan ba Alhaji? Waɗancan da aka naɗe a takarda fa?"

Nomau ya ce, "Mushe, waɗancan na Madam ne. Ta ce ko hannu kada a sa."

Direkta ya ce, "Madam ta gwamnati ce, gona ta gwamnati ce, gwamnatin kuwa ga ta nan zaune a kan tabarma. Ka karyo, ko in samo wani maigadin."

Nomau yana da iyali. Ya karyo kaɗan, yana fatan a tsaya nan. Amma 'yan rakiya sun fi gashin tinkiya yawa, da suka ga inda daɗin yake sai suka shiga da kansu. Ina laifi, masara mai tsabta, ba tsutsa, ga ta ma da takardar riƙewa don kada ta ƙona hannu. Tsuntsu daga sama gasasshe.

Muna sauka daga babur, abin da Madam ta fara gani shi ne wani maroƙi yana gaigayar masara, ya naɗe gindinta da jakar takarda, ga rubutun hannunta ɓaro-ɓaro a jiki, mai da yaji sun ɓata rabinsa. Ta wuce shi ta shiga gona. Kunya bayan kunya, karan tamu a tsaye, ba goyo ba jaka. Jakunkunan suna warwatse a ƙasa, wasu an hura wuta da su. Na bi ta a baya ina tsintar takardun kamar wawa, kamar in na tara su masarar za ta koma ciki.

Direkta ya hango mu, ya washe baki ya ce, "Yawwa, ga ma mai aikin! Alhaji, wannan ita ce ɗiyarmu da ke karatu a Faransa."

Alhaji Gambo, in faɗi gaskiya, ba mugun mutum ba ne, bai san abin da yake ci ba. Ya ɗaga masarar da ke hannunsa ya ce, "'Yata, Allah shi yi maki albarka. Rabon da in ci masara mai daɗin wagga tun ina yaro. Irin ku muke so a ƙasar nan." Da ya ga fuskarta sai ya tambaya ko lafiya. Na matsa na durƙusa na yi masa bayani a taƙaice. Ya yi salati, ya ce, "Ashsha! Ai da an faɗi. Amma kada ki damu, 'yata, in Allah ya ba mu nasara, tirela guda zan sa a kawo maki daga Kano."

Na zaci za ta yi kuka, ko ta yi faɗa da Faransanci yadda 'yan boko ke yi in rai ya ɓaci. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta rusuna kamar yadda ɗiyar kirki ke rusuna wa sa'an ubanta, ta ce, "Na gode, Baba Alhaji. Ka ƙarasa kada ta huce." Makaɗa suka ɗauka godiya ce ta gaske, suka saki kiɗa. Ni kuwa raina ya ɓaci yadda bai taɓa ɓaci a wurin aiki ba, na koma bayan motoci na tsaya don kada in faɗi abin da zai raba ni da aikin da ba a biyana.

Bayan kat-kat sun tafi, Nomau ya zo da wani tsohon buhu ya ajiye a gabanta, idonsa jawur. Goyon da suka yi tauri ne, waɗanda 'yan rakiya suka karya suka ga za su karya musu haƙori suka watsar. Ya bi ya tsince su. Madam ta zazzage, ta juya wannan ta juya wancan. Ba ɗaya mai jaka. Iri-iri muka barbara, uwa daban uba daban, yanzu duk sun zama ɗaya a ido. Ta mayar cikin buhun ta ce, "Baba Nomau, ba laifinka ba ne. Kai wa kajinka." Sai a lokacin ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Muka tsaya nesa da ita har ta gama.

Sauran labarin bai da tsawo. Irin Faransa ya ƙare, zafi ya shigo, ba damar sake shuka. Ta koma ta yi wa malaminta bayani, ban san da wane baki ake gaya wa Bature cewa ɗan takara ya cinye gwaji ba. Tallafi dai ba a sabunta ba. Ta yi ta neman wani, sai darajar kuɗinmu sefa ta karye, daga baya sojoji suka dawo, masu ba da taimako suka naɗe tabarmarsu. Ta dawo Maraɗi ta kama koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare. Alhaji ya ci zaɓe, tirela tana hanya har yau. Mushe Laminu ya samu ƙarin girma zuwa Yamai, saboda kyakkyawar hulɗa da jama'a. Ni kuma sandika ta wanke ni tas: Kamarad Sakatare ya yanke hukunci cewa tunda an cinye aikin da na yi, to ban yi aiki ba, don haka ban karya yaji ba. Aka tafa mini, na yi godiya na zauna.

Shekaru suka wuce, Nomau ya bar aiki ya koma Tibiri. Wata damina aka yi masa jika, ya aiko in zo suna. Lokacin nan ne da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, kowa yana auna tuwo da ido. Bayan an yi addu'a sai ga faranti cike da gasasshiyar masara. Na yi mamaki, don a lissafina masara ba ta isa gashi ba tukuna, tawa ta bayan gida ko tuta ba ta gama fiddawa ba. Na ce a nuna mini inda aka karyo. Matarsa Hajo ta kai ni bayan ɗaki. Ga ta nan, ba ta kai tamu tsawo ba, ta fi ta Faransa nesa, goyo madaidaici, ta riga kowa nuna.

Hajo ta ce ai buhun nan ne. Ta ga masara mai kyau, ta ce ba za ta ba kaji ba ana wannan rayuwa, ta shuka. Kowace shekara takan ware goyon da ya fara nuna ta rataye don iri, kamar yadda uwarta ke yi. Maƙwabta suka ga tana gashi su suna jira, suka roƙa, ta ba su. Yanzu gidaje da yawa a unguwar ita ke riƙe yara kafin gero ya zo. Na tambaye ta sunan irin.

Ta ce, "'Yar Depite. Ai shi ya kawo ta, ranar da ya zo Jiratawa."

Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Na dubi Nomau, ya sunkuyar da kai ya ce ya gaya musu ya gaji, suna ya riga ya bi ta.

Na yi kwanaki ina shawara ko in gaya wa Madam, don tun ranar nan ba ta ƙara cin gasasshiyar masara ba, ko a bakin titi ta ji ƙamshi sai ta sauya hanya. Daga ƙarshe na ga haƙƙinta ne. Na same ta a makaranta, na ɗauko ta a babur har Tibiri. Ta shiga cikin masarar nan ta daɗe. Tana ƙirga ganye, tana gwada tsawon kara da jikinta, tana tambayar Hajo yaushe ta shuka, yaushe tuta ta fito. Ta ce mini, "Malam Isuhu, ga saurin nan, ya bi jini. Yana ciki, ina kallonsa, amma ba zan taɓa sanin daga wane uba ya zo ba." Sannan ta tambayi sunan. Na so in hana, Hajo ta riga ni.

 Sai Madam ta fashe da dariya, ta yi ta yi har hawaye suka zubo, ban san inda dariyar ta tsaya kukan ya fara ba. Hajo, da ba ta san kan zancen ba, ta ruga ta kawo wa baƙuwa abin da ake ba baƙo: masara mai zafi daga kan wuta. Na miƙa hannu zan karɓe, Madam ta ture hannuna.

Ta ce, "Bar ni, Malam Isuhu. Depite ya ci, maroƙa sun ci, yaran Tibiri suna ci. Bari ni ma in ɗanɗana digirina."

Ta cinye tas, ta ce a ƙaro gishiri.

To, abin da na koya ke nan, ku kuma ku ɗauka ko ku bari. A aikin nan namu wahalarka ba ta ɓacewa, tana shiga cikin wani, sai dai da wuya ta fito da sunanka. In sunan kuke nema, ku tafi ku tsaya takara. In kuma kun barbari masara kun rufe, kada ku ce saura ta bushe ku tafi taro. Ɗayanku ya zauna a bakin gona, wanda ba a iya kora da magana ɗaya. Tsuntsu da tsutsa jakar takarda ta ishe su. Babban baƙo ne har na bar aiki ba a samo masa magani ba.